Bargon Inna da Hatimin Sakatare

Tun da na dawo, duk wanda ya zo yi mana gaisuwa, da zarar ya gama "Allah ya jiƙansa" sai ya gyara zama ya ce, "To Malam Habu, yaya ƙasar China?" Wani so yake ya ji ko da gaske ne jirgi na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wani kuma damuwarsa abin da na ci ne. Na gaji da maimaitawa. Kuma duk sanda na ba da labarin a zaure akwai wurin da nake tsallakewa, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, har da wurin da nake tsallakewar.

Ni ba yawon buɗe ido ya kai ni Guangzhou ba, ba kuma sarin kaya ba. Gawar ƙanina Rabi'u na je ɗaukowa. Ya daɗe yana can yana saro wa 'yan kasuwar Kano tufafi, sai kawai aka bugo waya aka ce an same shi a ɗakinsa rai ya yi halinsa. Wanda ya bugo, wani Alhaji Mumuni ne, mutumin zangon Kumasi mai harkar aika kaya, ya faɗa mini gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a ƙasar nan ƙona gawa shi ne abin da aka saba, baƙo kuwa ba a ba shi kabari haka kawai, kuma ba za a ajiye mutum har abada ba. In ana so ya koma gida, dole ɗan'uwansa ya zo da ƙafarsa. Matar Rabi'u tana takaba, 'ya'yansa ƙanana ne, ni ke da fasfo tun na aikin Hajji. Ban gaya wa mahaifiyarmu, Inna, maganar ƙonawa ba. Na ce mata yana cikin ɗakin sanyi ne ana jiran takardu.

Ranar da zan tashi ta kira ni ɗakinta. Idonta ya yi rauni sosai yanzu, da lalube ta jawo wani tsohon bargo mai ratsin ja daga ƙarƙashin matashi.

"Ka kai masa," ta ce. "Ka san shi da sanyi. Tun yana goye in aka yi masa wanka sai ya yi ta karkarwa."

Na buɗe baki zan ce mata mamaci ba ya jin sanyi, sai na kasa. Na karɓa na cusa a jakar hannu.

Kafin in hau jirgi, dole in gaya muku halina, domin da shi na yi tafiyar. Ni ne shugaban kwamitin ci gaban unguwarmu, ni ne kuma mai rubuta wa Mai Unguwa Tanko takardunsa tun da na bar koyarwa. Shekara uku da suka wuce muka yi yarjejeniya da ƙaramar hukumarmu a kan magudanar ruwa: mu haƙa da aikin gayya, su kawo siminti da magina. Muka fito da gatari da shebur, tsofaffi da matasa, muka tsaga bakin layinmu kamar za a binne giwa. Siminti bai zo ba. Damina ta zo ta cika ramin, muka koma tsallakawa a kan katako. A wani taro na miƙe gaban jama'a na wanke sakataren ƙaramar hukumar, Alhaji Garba, tas, wanda kuwa ajinmu ɗaya da shi a firamare. Na rantse ƙafata ba za ta sake taka sakatariya ba, takardar unguwarmu ma ba za ta sake zuwa can ta hannuna ba. Aka yi mini tafi, na ji daɗi. Daga baya ya aiko mini wasiƙa har uku, ko buɗewa ban yi ba, na jefa su a durowa.

Kwana tara aka ɗauka kafin biza ta fito. Daga Kano muka sauka Addis Ababa, aka zube mu a wani dogon zaure muna jiran jirgi na biyu. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da ni ya ga bargo ya leƙo daga jakata, ya yi dariya ya ce, "Baba, garin da za ka zafi ne kamar gidan biredi, bargon me?" Na ce masa saƙo ne. Ya ce na wa? Da na faɗa masa, daga nan har muka sauka shi ya riƙa ɗaukar mini jakar.

A filin jirgin Guangzhou aka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi. Na'urar ta ƙi karɓa. Alli na shekara talatin ya cinye zanen yatsun, sai da ma'aikacin ya sa na hura musu iska na goga a goshi, sannan ta yarda ni mutum ne. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na miƙa masa takardar da Alhaji Mumuni ya aiko. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya miƙo mini fasfo da hannu biyu. Ban san ma'anar hakan a wurinsu ba, amma na ji shi a raina.

Da na fito, wayata ta zama dutse. Duk hanyoyin da muke gaisawa da su a gida babu wadda ke aiki. Na yi tsuru-tsuru cikin mutanen da ba wanda ya kalle ni, har na ji wata murya a bayana.

"Mallam Abu! Kai ne, wallahi. Tafiyanka irin na shi."

Alhaji Mumuni ne, gajere, mai faɗi, da hula ƙube da takalmin 'yan ƙwallo. Hausarsa ta Gana ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, kuma kowace jimla sai ya sa mata Turanci kamar gishiri. Na so in gaya masa ba yadda za a yi tafiyarmu ta zama ɗaya da Rabi'u, sai na tuna a bayan mace ɗaya muka koyi tafiyar.

Ya kai ni masauki a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata suka fi yawa. Otal na farko matar da ke kan tebur ta ga fasfona ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo." Wannan ita ce kalmar da na fara koya, wato babu. Na biyu ya karɓe ni. Ɗakin kamar akwatin ashana, taga tana kallon bangon wani gida, in na shimfiɗa darduma sai na ture kujera. Abinci kuwa, Alhaji ya kai ni shagon wasu Musulmin China masu fararen huluna, aka kawo taliya cikin romo da tsinke biyu. Na yi ta kokawa, taliya tana zamewa tana komawa kwano, har mai shagon ya ji tausayina ya kawo cokali mai yatsu. Na nemi ruwa, aka kawo mini mai zafi. Na ɗauka na wanke hannu ne. Ashe sha suke yi, ko da rana tsaka.

Washegari muka je gidan da Rabi'u yake haya, hawa na shida, babu na'urar hawa. A ƙasan benen akwai wani ɗan ofis, ƙofa a buɗe, da wata dattijuwa 'yar ƙarama mai jan ƙyalle a dantse. Alhaji ya ce sunanta Madam Lin, ita ce ta kwamitin mazauna unguwar.

"Kamar mai unguwa ke nan?" na tambaya.

"Ehen, kamar shi. Amma wannan shi bai zama a zaure. Shi ya san kowa, ya san wa ya zub da shara, wa bai zub ba. Bisa ga shi akwai ofis na titi, bisa ga wannan akwai babban ofis na yanki. Fefa naka, takarda naka, sai ya bi su duka."

Gaskiya da farko abin bai kwanta mini ba. Kyamara a kowace kusurwa, kuma ga mace ta san lokacin fitar kowa da dawowarsa. Mu a gida wannan sa ido muke ce masa. Amma da ta fara magana, Alhaji yana fassarawa, sai jikina ya yi sanyi. Ta ce kullum da safe Rabi'u yakan tsaya ya gaishe ta, wani lokaci ya ajiye mata dabino a tebur. Safiya ɗaya bai sauko ba, ta ce ko ya yi sammako ne. Ta biyu ma shiru. Sai ta hau hawa shidan nan da gwiwoyinta masu ciwo ta buga ƙofa, ta kira mai gida da 'yan sanda. Likita ya ce zuciya ce. Ta ce har yanzu tana jin haushin kanta da ba ta hau tun ranar farko ba.

Ta riga ta shirya takardar shaidar zamansa a unguwar, ta buga jan hatiminta. Ba ta ce mu ɗauki takardar mu tafi ba. Ta ɗauki lema ta shiga gabanmu, ta kai mu ofishin titi da ƙafarta. Can ta tsaya gaban wani mutum mai sanƙo, suka fara magana da ƙarfi, tana nuna shi da lema yana buga tebur. Na ce shi ke nan, takarda ta mutu. Sai ga shi ya jawo hatimi ya buga, ya ɗaga waya ya kira ofishin da ke samansa ya ce ga mu nan zuwa. A hanya na sa Alhaji ya tambaye ta me ya haɗa su. Ta ce murfin wata kwata ne ya fashe a layinta, ta kai rahoto kwana uku ba a zo ba. Ta ce shekara takwas ke nan suna haka da shi. Na yi murmushi a raina na ce ashe ko'ina na sama halinsu ɗaya. Rabin abin kawai na gani.

Da yamma aka bar ni na ga Rabi'u. Ba zan bayyana muku ba. Wani ma'aikaci ya jawo shi daga cikin bango kamar yadda ake jawo durowa, sanyi ya bugi fuskata, na ga gemunsa ya yi furfurar da ban san da ita ba. Na yi masa addu'a. Na zaro bargon Inna, ma'aikacin ya tare ni da hannu a hankali ya ce, "Meyo." Ba a sa komai daga waje. Na mayar da bargon jaka, na fito ina kuka kamar ba dattijo ba.

Rana ta uku ce ta kawo abin da ban taɓa zato ba. A babban ofishin yanki wata budurwa ta ajiye fasfona da na Rabi'u gefe da gefe, ta ce ta ina muka zama 'yan'uwa? Ni Abubakar Musa, shi Rabi'u Isiyaku. Uba daban, kuma da ta tambayi sunan uwa, nan ma daban. Na yi mata bayani: mahaifiyarsa aminiyar Inna ce, ta rasu yana ɗan wata biyu, Inna ta ɗauke shi ta shayar da shi tare da ƙanwata. A wurinmu wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanka ne har abada, ko aure ba ya halatta a tsakani. Alhaji ya fassara, yarinyar ta saurara da ladabi, sannan ta tambaya ina takardar. Takardar me? Wa ya taɓa rubuta takarda don ya goya maraya? Ta ce to matarsa fa? Auren ma da goro da shaidu aka ɗaura shi. Ba ta yi mana wulaƙanci ba. Ta ce ba za su miƙa gawar mutum ga wanda ba su tabbatar ba, mu je ofishin jakadancin ƙasarmu. Can ma aka karɓe mu da mutunci, aka ce abu mai sauƙi ne: mai unguwa ya rubuta shaida, hakimi ya sa hannu, ƙaramar hukuma ta buga hatimi, a turo hotonta, su kuma su tabbatar wa mutanen China.

Ƙaramar hukuma. Wato teburin Garba.

Nan ne wurin da nake tsallakewa. Alhaji Mumuni ya gyara mini waya, na kira Mai Unguwa na faɗa masa abin da zai sa a rubuta. Ya ce to, gobe da sassafe zai kai wa hakimi, daga nan ya wuce sakatariya.

"Ranka ya daɗe, kar ka kai sakatariya," na ce.

"Malam Habu, gawa ce fa."

"Na sani. Mutumin nan jira yake mu faɗo hannunsa. Zai ajiye takardar ya ce a dawo gobe, a dawo jibi, don ya rama. Ka tsaya a kan hakimi, sannan a je kotu a yi takardar rantsuwa. Za su karɓa."

Mai Unguwa tsoho ne mai gudun rigima, kuma ya san bakina. Ya ce to. Ni kuwa na gaya wa kaina dabara nake yi don a yi sauri. Ƙarya ne. Abin da ba na so shi ne a ce a unguwa Habu ya ci rantsuwarsa.

Takardar hakimi ta zo, aka ce da saura. Ta kotu ta ci kwana biyu, ta zo, aka ce ita ma ba ta wadatar ba. Asabar da Lahadi suka shigo, ofisoshi a rufe. Alhaji Mumuni bai san abin da ke tsakanina da sakatariya ba, yana ta zagin jinkirin ma'aikatan Najeriya, ni kuma ina taya shi. Don ya ɗebe mini kewa ya kai ni kasuwar Shahe, inda Rabi'u yake sari. Ban taɓa ganin tufafi haka ba, bene a kan bene, masu turin kaya suna ihu a ba su hanya, sau biyu ana taka mini ƙafa. Wata mai shagon riguna ta gane Alhaji, ta tambaye shi ina "lawban" ɗinta, wato maigida, haka suke ce wa mai saye. Da ya gaya mata sai ta zauna a kan dila ta rufe fuska. Ta ce kayansa na ƙarshe sun riga sun bar tashar Huangpu cikin kwantena. Kaya sun kama hanyar gida, mai kaya yana kwance cikin bango. Ranar a wani gida can saman bene aka sayo mana tuwon shinkafa da miyar kuka, irin na gida sak, amma loma biyu na iya yi.

Duk kwanakin nan bargon yana jakata, ina yawo da shi ofis-ofis. A rana ta shida da soma wannan taurin kai nawa, muka koma gidan hayar don kwashe sauran kayan Rabi'u. Na sauko na zauna a kan benci a ƙofar ofishin Madam Lin, ina kallon wasu ma'aikata biyu suna ɗora sabon murfi a kan kwatar nan da ta yi faɗa a kai. Ta fito ta ba ni ruwan zafi, ta nuna jakata ta tambayi me nake ɗauke da shi kullum kamar jariri. Na fito da shi na gaya mata saƙon Inna, yadda ta faɗe shi. Kafin Alhaji ya gama fassarawa idonta ya kawo ruwa. Ta shafa bargon, ta ɗauki waya.

Mai sanƙon nan ta kira. Na gane muryarsa, domin faɗan suka fara. Alhaji yana raɗa mini: mutumin ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ta ce ta sani, amma shi ke da lambar mutanen ofishin yanki, su kuma su ke da iko da gidan ajiye gawa. Ya ce doka ce. Ta ce uwa ce ta aiko. Sai ya kashe waya. Ba a yi awa ɗaya ba ya kira ya ce an yarda, in dai za a fara sa bargon cikin na'urar kashe ƙwayoyin cuta.

Na ce Alhaji ya tambaye ta, ba ta jin nauyin roƙon mutumin da take zagi? Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce shi yana da hatimi amma bai san kowa a layin nan ba, ita ta san kowa amma hatiminta bai wuce bakin titi. In ta daina yi masa magana, shi ba abin da zai rasa, mutanen benen nan ne za su rasa. Ta ce faɗan nata ne ita da shi, bargon kuwa ba nata ba ne.

Da hannuna na rufe Rabi'u da la'asar ɗin ranar. Na soke masa gefen bargon ƙarƙashin kafaɗa yadda Inna take yi mana. Ina fitowa na tsaya a bakin titi, motoci suna wucewa, kunya ta rufe ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, ta sauke kai saboda bargon baƙo. Ni kuwa ƙanina ne.

A lokacin safiya ce a gida. Lambar Garba tana wayata, ban taɓa gogewa ba. Bugu biyu ya ɗauka.

"Habu? Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Rabi'u."

Na fara kame-kame, ina neman ta inda zan shigo da maganar. Ya katse ni.

"Takardar tana kan teburina tun ranar da hakimi ya gaya mini. Na rubuta, na sa hannu. Shaidar Mai Unguwa kawai nake jira in haɗa in buga hatimi, don ni a ofis ba ni da ikon cewa Inna ta shayar da Rabi'u, ko da kuwa na sani, sai ta fito daga unguwa. Na aika masa sau biyu, ya ce ka ce a dakata. Na kira layinka na gida ba ya shiga. Na ɗauka ko an samu wata hanya ce a can."

Na zauna a bakin titin, wayar a kunnena.

"Habu, kana ji na? Rabi'u fa ni na riƙa kai shi makaranta a kan kekena, ka manta?"

Na manta. Wallahi na manta. Kafin azahar ta gida hoton takardar ya shigo wayata, hatimi uku a jere, na Mai Unguwa, na hakimi, na ƙaramar hukuma. Daga nan komai ya tafi kamar an buɗe famfo. 'Yan'uwa Hausawa na Kano da na Nijar da na Gana suka taru, aka yi masa wanka da sutura, aka yi masa salla, aka sa shi cikin akwati mai rufin ƙarfe da bargon a kansa. Na je sallama da Madam Lin da ledar dabino. Ta karɓa da hannu biyu, na ce mata "she-she", kalmar godiyarsu, ita kaɗai na iya bayan "meyo".

Mun sauka Kano da hantsi. Motar asibiti ta ƙaramar hukuma tana jira, Garba yana tsaye a jikinta da babbar riga. Muka yi musafaha, ba wanda ya tayar da tsohon zance. Da muka iso bakin layinmu mota ta tsaya, domin ramin da muka haƙa yana nan, cike da baƙin ruwa, da katakonsa guda biyu. Akwatin yana da nauyi ƙwarai saboda ƙarfen, katakon kuma ba zai ɗauki mutum shida a jere ba. Ana ta shawara, sai na ga Garba ya tuɓe babbar riga, ya cire takalmi, ya naɗe wando ya shiga cikin kwatar har gwiwa. Mutum uku suka bi shi. Ta kansu aka miƙa Rabi'u ya tsallaka zuwa gida.

Bayan sadakar uku na buɗe durowa na fito da wasiƙun nan. Ta farko tana cewa injiniya ya ce mun haƙa ba daidai da gangaren ruwa ba, mu turo mutum biyu a zauna a gyara awo kafin a saki siminti. Ta biyu tunatarwa ce. Ta uku tana cewa in ba mu zo ba kafin ƙarshen shekara za a mai da kayan zuwa wata mazaɓa. Ba na cewa su ba su da laifi, don da sun so da sun tako sun same mu. Amma yanzu ina zuwa taron wata-wata, ina kuma yin faɗa a can son raina, sannan in miƙa takarda. An fara zuba kankare a bakin layin.

Ranar da muka iso, kafin a fita da Rabi'u, Inna ta sa aka kai ta gaban akwatin. Ta ɗora tafin hannunta a kai.

"An rufe shi da bargon?"

"An rufe shi, Inna. Ni da kaina."

"Kwana nawa ya yi cikin sanyin nan?"

Na ce ashirin da huɗu. Ta jinjina kai, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Takardun mutanen nan ne. Na san da don ta kai ne, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Allah ya yi maka albarka."

Har yau duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta gaya masa irin ƙoƙarin da Habu ya yi a ƙasar China. Ina zaune a wurin nake ji. Inna ba ta karatun boko, kuma na roƙi duk wanda ya karanta wannan kada ya karanta mata. Shida daga cikin kwanakin nan nawa ne.